Rubuta Manhaja Daban, Ƙunsa Ta Daban

 Ina roƙonku ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, ko da yake maganar kwamfuta zan yi, na kuwa sani akwai waɗanda da sun ga kalmar kwamfuta sai su juya shafi su nemi labarin ƙwallo. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗalibin da ya rubuta manhaja bai gama aikinsa ba sai ran da wani mutum dabam ya iya girka ta a wata kwamfuta, ya yi aiki da ita, ya kuma cire ta in ya ga dama, alhali shi mai ita ba ya wurin. Kunya ce ta koya mini wannan, a gaban mutane kuwa.

Ga yadda abin ya faru. Bara, ina aji huɗu, aka sa ni cikin masu taimakon malamin laburare. Duk wanda ya taɓa arar littafi a makarantar nan ya san babban kundin nan mai baƙin bango da ake rubuta suna da aji da ranar aro. Kundin ya tsufa, wasu shafuna sun zazzage, wasu kuma ruwa ya taɓa su tawada ta baje. Wata rana aka tsare wani yaro ɗan aji biyu, aka ce bai mayar da littafin lissafi ba. Ya yi ta rantsuwa har da kuka cewa ya mayar, amma shafin da zai wanke shi ya ɓace. Haka aka sa ya biya daga ɗan kuɗin kashewar da aka ba shi daga gida. Abin nan ya tsaya mini a rai ƙwarai, na ce ai wannan aiki ne da kwamfuta za ta yi ba tare da an zalunci kowa ba.

Na shafe sati 7 ina rubuta 'yar manhajar da harshen Python, kullum bayan la'asar, in dai an kawo wuta. Aikinta ba mai yawa ba ne. A rubuta sunan yaro da ajinsa da littafin da ya ara, ita kuma ta lissafa ranar mayarwa, in ranar ta wuce sai sunan ya koma ja. A kan kwamfuta ta uku daga ƙofa a ɗakin kwamfuta na yi ta, a can kuwa tana aiki sumul, ko tuntuɓe ba ta yi.

Bari in ɗan tsaya in yi wa iyayenmu bayani. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja mai tafiyar da ita, wadda sauran ƙananan manhajoji ke zaune a kanta. Galibin mutane Windows suka sani. Tamu ta makaranta sunanta Debian, ba a sayar da ita, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ba wani. An gina ta a kan Linux, wadda wani ɗalibin jami'a a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Ita kuwa Debian Ian Murdock ne ya kafa ta a Amurka a 1993, shi ma yana ɗalibi, har yau kuma 'yan sa kai ne daga ƙasashe da yawa ke riƙe da ita. Ubuntu, wadda wasunku suka fi sani, daga jikin Debian aka fitar da ita a 2004, saboda haka yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta.

To, ranar da zan nuna aikina, na kwafe jakar manhajar a filashi, na nufi laburare ina jin kaina wani babban injiniya. Ga malamin laburare zaune, ga shugaban ɗalibai, ga yara sun yi cincirindo a taga. Kwamfutar laburare ita ma Debian ce, bugu ɗaya da tamu, don haka ban kawo komai a raina ba. Na kwafe, na ba da umurni, sai allo ya rubuto mini da Turanci wai bai san wani abu mai suna tkinter ba. Tkinter shi ne ɓangaren Python mai zana taga da maɓallai. Ashe a Debian ba ya zuwa tare da Python, an ware shi dabam da sunan python3-tk, wani ne ya riga ya girka shi a kwamfutar da nake aiki tun kafin in zo makarantar, ni ban sani ba. Na yi ta danne-danne gumi na karyo mini, yaran taga suka watse suna dariya.

Kashegari malamin kwamfuta ya haɗa mana intanet daga wayarsa, aka girka abin da babu. Taga ta buɗe, sai kuma ta rufe nan take, domin na rubuta a cikin manhajar cewa ta nemi fayil ɗin ajiya a jakata mai sunana, wannan kwamfutar kuwa ba ta san ni ba balle jakata. Na koma na gyara. Rana ta uku komai ya tashi, amma da muka shigar da littafin Ganɗoki sai ga wani ɗan akwati fanko a tsakiyar sunan, inda ɗ ya kamata ya zauna, saboda salon haruffan da na zaɓa babu shi a wannan kwamfutar, wanda ta sa a madadinsa kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Malamin laburare dattijo ne mai haƙuri. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, aikinka ya yi kyau. To amma in kwamfutar nan ta lalace bayan ka gama makaranta, gidanku za mu aika a kira ka?" Na rasa abin da zan ce masa.

Malamin kwamfuta ne ya gaya mini abin da ya rage shi ne in koyi ƙunsa manhaja. Duk uban da ya taɓa kawo ɗansa makarantar kwana ya san takardar nan da ake bayarwa ta kayan da za a zo da su, bokiti da tocila da gidan sauro da kwano da cokali. Ya kuma san ana rubuta sunan yaro a jikin akwati, in an iso kuma kowane kaya da mazauninsa, katifa kan gado, akwati ɗakin ajiya. Yaron da aka turo da kayansa a buhu, ba takarda ba suna, zai zauna dai, amma da aro da roƙo zai ƙare zangon. Haka na kai manhajata laburare. Ƙunshin manhaja a Debian fayil ne guda ɗaya, ƙarshen sunansa .deb, a cikinsa akwai manhajar kanta, kowane yanki da adireshin inda za a ajiye shi, sa'an nan akwai takardar bayani mai faɗin sunanta, da bugunta, da wanda ke kula da ita, da jerin sauran manhajojin da ba za ta iya aiki ba sai da su.

Masu kwance wannan ƙunshi su biyu ne. Akwai dpkg, shi ne ɗan dako, yana kwancewa, ya kai kowane fayil mazauninsa, ya rubuta a kundinsa cewa wannan fayil na ƙunshi kaza ne. In wani ƙunshi ya zo zai danne fayil ɗin wani, sai ya ƙi. Amma in ya ga jerin abubuwan dogaro bai cika ba, iyakarsa ya tsaya ya faɗa maka. Sai kuma apt, wanda shi ne mai zuwa kasuwa, yana karanta jerin, ya nemo abin da babu daga rumbun Debian, har da abin da su waɗannan ɗin suka dogara da shi, kana ya miƙa wa dpkg. Da a ce tun farko na rubuta python3-tk a wannan jeri, da kwamfutar ta faɗi abin da take nema tun kafin a kai ga kunya.

Yadda ake yin ƙunshin bai kai wuyar da na zata ba, sai dai yana son natsuwa. A cikin jakar manhajarka za ka buɗe wata ƙaramar jaka mai suna debian, a ciki ka rubuta fayiloli huɗu. Mafi muhimmancinsu shi ne control, watau takardar bayanin nan da na ambata. A nan na fara cin karo da doka. Na so in sa wa manhajar suna ɗakin-karatu, sai na tarar sunan ƙunshi ba ya karɓar komai sai ƙananan haruffan a zuwa z da lambobi da 'yan alamomi uku. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma na nemi sunan da ba shi da lanƙwasa, na sa mata aron-littafi. A layin da ake kira Depends na rubuta python3 da python3-tk da fonts-dejavu-core, wannan na ƙarshen shi ne salon haruffa na DejaVu, wanda ya san duk haruffan Hausa. A layin nau'in kwamfuta na rubuta all, domin abin da aka rubuta da Python zalla bai damu da irin ƙwaƙwalwar injin ba. Akwai kuma wani layi mai suna Maintainer, inda mai kula da ƙunshin ke sa sunansa da adireshinsa. Zan komo kan wannan layi daga baya.

Ku lura da wani abu a nan. Kafin in cika layin Depends sai da na bi rubutuna layi layi ina tambayar kaina, wannan abin da na kira, daga ina yake zuwa? Sati 7 ina rubuta manhajar ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. A wannan yammaci ɗaya na san manhajata fiye da yadda na san ta a duk makonnin da na yi ina rubuta ta.

Fayil na biyu shi ne changelog, inda ake rubuta lambar bugu da abin da aka sauya da kwanan wata. Daga nan ne ake ɗaukar lambar ƙunshin, nawa na farko 1.0-1, lambar gaban ƙaramin layin ta manhajar ce, ta bayansa kuma ta ƙunshin ce, domin mai yiwuwa a sāke ƙunshi ba a taɓa manhajar ba. Tsarinsa yana da tsanani, har yawan tazarar da ke tsakanin adireshi da kwanan wata an ƙayyade, biyu ce cif. Na uku shi ne rules, mai gaya wa kwamfuta yadda za ta haɗa ƙunshin. Ga ƙaramar manhaja irin tawa layukansa ba su wuce uku ko huɗu ba, domin akwai kayan aiki mai suna debhelper da ke ɗauke yawancin nauyin. Duk da haka a nan na yi asarar yammaci guda, saboda farkon wani layi dole a fara shi da maɓallin Tab, ni kuwa na danna tazara sau 8. A ido duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa sam.

Na huɗu shi ne copyright, kuma shi ne ya fi ba ni tunani. A nan ake faɗin wane ne mai kowane fayil, da irin iznin da ya ba jama'a. Da ina zaton in ban ce komai ba, kowa na iya ɗaukar manhajata ya gyara. Ashe akasin haka ne. Abin da mutum ya rubuta nasa ne a doka, in bai ba da izni a rubuce ba babu mai haƙƙin gyarawa ya rarraba. Na zaɓi lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989, bugunsa na 3 kuma ya fito a 2007. Sharaɗinsa shi ne kowa ya ɗauka ya gyara ya bayar, amma wanda ya bayar dole ya bar rubutun a buɗe kamar yadda ya same shi. Da na zo kan ɗan hoton littafi da na sa a matsayin tambarin manhajar, sai na tuna daga intanet na tsinto shi, ban san mai shi ba. Malam ya ce abin da ba ka san mai shi ba, ba ka da ikon bayar da shi kyauta. Na cire shi, wani abokina mai iya zane ya zana mini wani, na rubuta sunansa a fayil ɗin kusa da nawa. Har yanzu yana yi mini gori wai shi ma ya shiga tarihi.

Sai maganar mazauni. A Debian abin da ake ba umurni ya tashi yana zama a /usr/bin, sauran kayan manhajar a /usr/share, fayil ɗin da mai kwamfuta zai iya sauyawa kuma a /etc. Bayanan aro da ake shigarwa kullum ba sa cikin ƙunshin sam, suna zama a jakar wanda ke aiki da manhajar, ko wane ne shi. Amfanin wannan tsari ya bayyana gare ni da wuri. Na sa kwanakin aro 14, malamin laburare ya mai da su 10 a fayil ɗin /etc. Da na kawo bugu na 1.1-1 aka girka a kan tsohon, kwana 10 ɗinsa na nan ba a taɓa ba, domin dpkg ba ya share gyaran da mai kwamfuta ya yi a irin wannan fayil, in ma sabon bugu ya zo da nasa sauyin sai ya tsaya ya tambaya. Da kwafe jaka nake yi kamar da, da na danne masa aikinsa ban sani ba. Haka kuma ran da aka gaji da manhajar, umurni ɗaya zai kwashe duk abin da ƙunshin ya ajiye, bayanan aro kuwa su tsira.

In ka gama haɗawa da umurnin dpkg-buildpackage, akwai wani mai duba aiki da ake kira lintian, yana bin ƙunshin da dokokin Debian ya jero maka laifuffuka. Ni ya kama ni da rashin shafin jagora da kuma bayanin da ya yi gajarta. Ya fi firifetocin duba ɗaki ranar Asabar tsanani, sai dai shi ba ya sa mutum yankan ciyawa.

Yanzu bari in zo kan waɗanda ba su yarda da ni ba, domin a ƙungiyarmu ta kwamfuta mun sha gardama a kan wannan. Wani ya ce me ya sa ba za a yi amfani da pip ba, watau abin da masu Python ke sauko da kayansu da shi. Amsar gajera ce. Tkinter ba ya samuwa ta wannan hanya, kuma tun daga Debian 12 da ta fito a 2023, pip ba ya yarda ya zuba kaya a tsakiyar tsarin kwamfutar, don kada ya ɓata abin da apt ya shirya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wani ɗan ajinmu, wanda ya ce, "Kai kana ta yabon apt mai zuwa kasuwa, to ina kasuwar? Mu nan intanet sai malam ya ga dama ya kunna wayarsa." Gaskiya ya faɗa. Ya ce gara a bi hanyar AppImage, inda ake cusa manhaja da duk abin da ta dogara da shi cikin fayil ɗaya, a ɗauka a filashi a danna kawai. Akwai kuma Flatpak da Snap masu kama da haka ta wani fannin, ko da yake su ma suna son intanet. Ban raina wannan hanya ba, ga wurin da ba intanet tana da daɗi. Amma na ƙi ta saboda dalili biyu. Ƙunshina bai kai kilobait 100 ba, in kuwa na cusa Python da kayan zana taga a ciki sai ya koma megabait masu yawa, kamar yaro ya taho makaranta da gadonsa da randarsa alhali akwai su a nan. Na biyu ya fi muhimmanci. In aka gano wata ɓaraka a Python, mutanen Debian za su toshe ta sau ɗaya, duk manhajar da ta dogara da ta tsarin ta amfana. Wadda ta zo da nata kwafin kuwa, ɓarakar na nan a cikinta har sai mai ita ya tuna, in ma yana nan.

Abin da na yi game da rashin intanet shi ne, lokacin hutu na sauko da ƙunshin python3-tk da na haruffan da duk 'yan rakiyarsu, na zuba su jaka ɗaya da nawa a filashi, ana girka su gaba ɗaya. Wannan ma yana da tarko. Kayan da aka sauko wa Debian 12 ba lalle su zauna a kan Debian 13 da ta fito a 2025 ba, saboda haka na rubuta lambar bugun a jikin jakar da manyan haruffa. Ban ce hanyar ba ta da wahala ba. Wahala ce ta yini ɗaya, wadda mutum ɗaya zai sha a madadin kowa.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba in yi, don kada wani ya karanta wannan ya shiga girka duk wani .deb da ya tsinta. Ba a girka ƙunshi sai da cikakken ikon kwamfutar, kuma ƙunshi na iya zuwa da 'yan umurnin da za su gudana da wannan iko a lokacin girkawa. Watau wanda ka karɓi ƙunshinsa ka ba shi makullin gidan gaba ɗaya. Kayan rumbun Debian suna da sa hannu na sirri da apt ke dubawa, filashina kuwa ba shi da shi. Ko manyan ma an taɓa kai musu hari ta wannan ƙofa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke da ita. Wanda ya dasa ta ya yi wajen shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince da shi. An kama abin yana bugun gwaji, bai kai ga tabbataccen bugun Debian ba. Saboda haka ni duk inda ƙunshina ya je, rubutun manhajar na biye da shi, malamin kwamfuta kuma ya karanta shi kafin a girka. Wanda ya ba ka ƙunshi ya ɓoye rubutu, ka mayar masa da abinsa.

Wasu sun tambaye ni ko zan aika da manhajar cikin rumbun Debian na duniya. Wannan hanya ce dabam, sai ka sanar da niyyarka, ka sami ɗaya daga cikin mutanen Debian ya duba aikin ya ɗauki nauyin shigar da shi, sa'an nan wasu su sāke tantance maganar lasisi. A ganina manhajar laburaren makaranta ɗaya ba ta kai nan ba tukuna, kuma ba sai an kai nan ƙunshi ke da amfani ba.

Na bar hujja ɗaya a ƙarshe domin ita ba a faɗinta da baki. Akwai daɗi a ce kai kaɗai ka iya tayar da abu. A zo har aji lokacin karatun dare a ce wane ya zo, kwamfutar laburare ta ƙi, ka tashi kana taƙama kowa na kallonka. Na ɗanɗana wannan daɗi a kwana ukun nan, duk da kunyar da ke ciki, na kuma san ba ni kaɗai ba ne. Amma ku je ɗakin kwamfuta ku buɗe jakunkunan 'yan aji shida da suka wuce. Akwai manhajar jadawalin jarrabawa, akwai ta lissafin maki, akwai wata ta koyon ƙamus da na ji ana yabonta ina aji ɗaya. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tashi. Wata an rubuta ta da Python 2, wanda aka daina kula da shi tun farkon 2020, wata tana neman fayil a jakar da aka share, wata kuma jakunkuna uku ne masu suna sabo da sabo2 da na-ƙarshe, ba wanda ya san wace ce ta gaskiya. Masu su sun fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Sun tafi da ilmin tayar da su a kansu, makaranta ba ta ci moriyar komai ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, a sauya yadda ake duba aikin ƙarshen zango na ƙungiyar kwamfuta. Yanzu ɗalibi na zama gaban kwamfutar da ya saba, ya nuna abinsa, a tafa masa. Ina ganin a raba makin biyu. Rabi a ba shi a kan abin da manhajar ke yi, ɗaya rabin kuma a fitar da shi waje, a kira ɗan ƙaramin aji a ba shi filashi da takardar bayani, a zaunar da shi gaban kwamfutar da ba a taɓa girka manhajar a kanta ba. In ta tashi ya ci, in ba ta tashi ba ya koma ya gyara. A kuma ajiye kowane ƙunshi da rubutunsa wuri biyu, ɗaya a ɗakin kwamfuta, ɗaya a hannun malamin laburare. Masu cewa wannan zai cinye lokacin shirin jarrabawa, ni yammaci 10 ya ci mini, ina koyo daga tushe ba mai nuna mini sai jefi-jefi. Wanda aka koya wa a aji ba zai kai haka ba. Iyayenmu kuma, in yaro ya roƙi filashi ko ɗan kuɗin data lokacin hutu ya ce zai sauko da kayan aiki, a tambaye shi ya nuna abin da yake yi, kada a yanke hukunci cewa wasa ne tun ba a gani ba.

Na fara gwada wannan shawara a kaina a farkon zangon nan, da aka wanke kwamfutar laburare aka sāke zuba mata Debian. Yaron nan da aka sa ya biya kuɗin littafi, yanzu yana aji uku, shi na ba filashi da takarda, na fita na zauna gindin darbejiya ina leƙen taga. Ya yi minti 20 bai fito ba. Da ya fito sai ya ce, "Yaya, ta ce ba ni da izni." Na duba takardata, ashe ban rubuta cewa sai an shiga da ikon mai kula da kwamfutar ba, domin ni abin ya zame mini jiki har na manta ana faɗinsa. Na ƙara layi ɗaya da biro, malamin laburare ya sa masa kalmar sirri, ya koma shi kaɗai. Bayan minti 5 ya leƙo ya ɗaga mini hannu. Ganɗoki ya fara shigarwa, ɗ kuwa ya fito da lanƙwasarsa.

Saura layin Maintainer da na ce zan komo kansa. Sunana ne a wurin har yanzu, ni kuwa baɗi war haka, in Allah ya kai mu, na bar makarantar nan. Ina neman ɗan aji uku ko aji huɗu da zai karɓa, ba sai wanda ya ƙware ba, in dai zai iya zama ya karanta abin da allo ya rubuto masa kafin ya kira wani. Akwai gyara biyu da ke jira, manhajar ba ta san ranakun hutu ba, tana mai da sunan yaro ja alhali yana gida, kuma ba ta iya buga jerin masu bashin littafi a takarda. Mai so ya same ni a ɗakin kwamfuta ranar Alhamis bayan la'asar, kwamfuta ta uku daga ƙofa.